Murɗiyar Dayis a Bayan Shamaki: Tarken Matsayin Jagoran Wasan Kwaikwayon Tebur ta Mahangar Ludo da Tatsuniya a Zangunan Akra

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 1974, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons a Amurka, masu wannan nau'in wasa suke ja-in-ja a kan wata tambaya da har yau ba ta kwanta ba. Tambayar ita ce: shin ya dace jagoran wasa ya jefa dayis a ɓoye, ya ga lambar da ta fito, sannan ya faɗa wa 'yan wasa wata lamba daban don labari ya yi armashi? Wannan ɗabi'a ita za a riƙa kira murɗiyar dayis a wannan takarda.

Da jin wannan, ɗalibin adabin Hausa zai iya cewa ina ruwan biri da gada. To amma babbar hujjar masu goyon bayan murɗiya ita ce wai jagoran wasa mai ba da labari ne, kuma tun fil azal mai ba da labari yana da 'yancin lanƙwasa labarinsa don ya dace da masu sauraro. Wannan magana da'awa ce a kan adabin baka, saboda haka ta shigo gonar matarkin adabi. Takardar za ta auna da'awar ta hanyar duba abubuwan da Hausawan zangunan Akra suka sani ciki da bai, wato wasan ludo da tatsuniya da kuma awo a Kasuwar Makola. Matsayin takardar shi ne cewa kwatancen jagora mai murɗiya da mai tatsuniya bai zauna daidai ba, domin mai murɗiya yana son 'yancin mai tatsuniya ne, alhali ba ya son biyan abin da mai tatsuniya yake biya kafin ya samu wannan 'yanci.

2.0 Yadda Wasan Yake

Wasan kwaikwayon tebur ba ya cikin wasannin da aka saba gani a bakin titin Nima ko Maamobi, don haka yana da kyau a yi bayaninsa a taƙaice. Mutane kamar huɗu zuwa shida ne suke zama a kewaye da tebur. Kowannensu yana riƙe da tauraro guda, wato jarumi ko matsafi ko ɓarawo, wanda aka rubuta ƙarfinsa da rauninsa da lambobi a takarda. Mutum guda kuma shi ne jagora. Shi ke bayyana duniyar da taurarin suke ciki, shi ke magana da bakin sarakuna da dodanni da 'yan kasuwar da suka gamu da su, shi ne kuma alƙali. Idan ɗan wasa ya ce tauraronsa zai tsallake rami ko zai sari dodo, sai a jefa dayis. Wanda aka fi amfani da shi a yau yana da fuska 20, ke nan kowace lamba tana da damar fitowa kashi 5 cikin 100. Lamba babba nasara ce, ƙarama kuwa faɗuwa, kuma tauraron da mutum ya shafe watanni yana renonsa zai iya mutuwa a jifa ɗaya.

A gaban jagora akwai wani shamaki na kwali mai ninki wanda kamfanin TSR ya fara sayarwa a 1979. Amfaninsa na asali a fili yake: yana ɓoye taswira da bayanan da bai kamata 'yan wasa su gani ba tukuna. Akwai ma jifar da dole a yi ta a ɓoye. Alal misali, idan tauraro yana lalube ko akwai tarko a ɗaki, in ya ga lambar da ta fito ƙarama ce zai san bai lalube da kyau ba, abin da tauraron da ke cikin labarin ba shi da hanyar sani. Saboda haka ɓoye jifa daban, sauya sakamakonta daban. Sai dai shamakin da ya ba da damar na farko shi ne ya buɗe ƙofar na biyu.

Gygax da kansa, a littafin jagoranci da ya rubuta a 1979, ya ba jagora ikon ture hukuncin dayis. Ya kawo misalin ɗan wasan da ya yi komai daidai amma mummunar jifa ta kashe tauraronsa, ya ce jagora zai iya mayar da mutuwar ta zama suma, ko rasa hannu, ko rasa ido ɗaya. Abin lura a nan shi ne ko a wurinsa sassaucin ba kyauta ba ne, sai an biya wani abu. Haka kuma ya ware jifar da ake yi wajen tayar da mataccen tauraro, ya ce ita kam kada a taɓa ta. Daga baya masanin zamantakewa Gary Alan Fine, wanda ya zauna da masu wasan a yankin Minneapolis a ƙarshen shekarun 1970, ya nuna a littafinsa Shared Fantasy (1983) cewa coge a lambar dayis abu ne da ya zama ruwan dare tsakanin 'yan wasa, kuma jagorori ma suna sauya sakamako don kada labari ya mutu a hanya.

Dalilin da ke jefa jagora cikin wannan hali na lissafi ne. Idan aka jefa dayis mai fuska 20 sau 40 a zama ɗaya, damar a ce lamba 1 ta fito aƙalla sau ɗaya ta kai wajen kashi 87 cikin 100. Ke nan abin da ake kira tsautsayi kusan tabbas ne a kowane zama. Abin da ba a sani ba kawai shi ne kan wa zai faɗa, da kuma ko zai faɗo a lokacin da labari zai iya ɗaukarsa.

3.0 Makola da Zanguna

Hausawa sun daɗe a Akra, garin da mutanen zango suke kira Ankara. Zangonsu na farko yana tsakiyar gari ne, inda har yau ake da Zongo Lane a gefen Kasuwar Makola. A farkon ƙarni na 20 Malam Baƙo ya ja jama'arsa suka kafa Sabon Zango, unguwar da Deborah Pellow ta yi wa cikakken nazari a 2002. Nima kuwa ta fara ne wajajen farkon shekarun 1930 a hannun Malam Amadu Futa, kuma Maamobi tana maƙwabtaka da ita. A waɗannan unguwanni Hausa ce harshen cuɗanya tsakanin Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Mosawa da Kotokoli da Dagomba da sauransu. Ita Makola an gina ta a 1924, kuma mata ne ƙashin bayanta. A watan Agustan 1979 sojojin gwamnatin Jerry Rawlings suka rushe ta bisa zargin 'yan kasuwar da ɓoye kaya da tsawwala farashi, abin da ake kira kalabule. Ciniki ya dawo ya mamaye titunan da ke kewaye, amma wannan tarihi ya isa ya nuna cewa zargin ha'inci ba ƙaramar magana ba ce a wannan wuri.

3.1 Ludo: Dayis a Bainar Jama'a

Ludo, ko ludu kamar yadda ake furtawa a Gana, ya samo asali ne daga wasan pachisi na Indiya, wanda ake jefa wuri a cikinsa maimakon dayis. An yi masa rajista da sunan ludo a Ingila a 1896. Bahaushe bai rasa irin wannan jifa ba a gargajiyance, domin caca da wuri ake yin ta, a watsa a ƙirga waɗanda suka kife da waɗanda suka buɗe. Kalmar caca ɗin ma ta shiga bakin mutanen Gana da ba Hausawa ba. A nan ya kamata a ambata cewa Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a makarantun zaure, ta hana wasan nardu, kuma a kan wannan ne wasu malamai suke ƙyamar duk wasan da ake jefa dayis ko da babu kuɗi a ciki. Wannan batu na malaman fiƙihu ne. Abin da ya shafi wannan takarda shi ne tsarin wasan.

Allon ludo na Gana sananne ne: katako ne aka yi masa firam, aka rufe zanen da gilashi. Ana buga shi a ƙofar gida da bakin rumfa idan ciniki ya lafa, mata da maza, yara da manya. Ana zuba dayis a ɗan kofi, a kaɗa, a kife a kan gilashin, ƙararsa kowa ya ji, lambarsa kowa ya gani. Mutum ba ya fitar da ɗa daga gida sai ya samu 6. Lissafi ya nuna cewa a jifa shida a jere, damar a ce 6 ba ta fito ba ko sau ɗaya kusan ɗaya bisa uku ce, a jifa goma kuwa wajen kashi 16 cikin 100. Wato zaman da mutum zai yi yana kallon 'ya'yansa huɗu a kulle alhali abokan wasa suna zagaya allo ba baƙon abu ba ne. Babu wanda ke da ikon ya tausaya masa ya ce 5 ɗin nan a ɗauke ta 6. Wannan zaman jira, da tsiyar da ake yi wa mai shi, da ihun da yake yi sa'ad da 6 ta fito, su ne rabin daɗin wasan.

Wannan ba ya nufin babu coge a ludo. Akwai mai ƙara gida ɗaya wajen ƙirga, akwai mai matsar da ɗa idan hankalin mutane ya koma kan mai sayen kaya, akwai mai kife kofi ba tare da ya kaɗa sosai ba. To amma duk waɗannan a gaban idon mutane ake yin su, kuma ana iya kama mai yi. 'Yan kallo shaidu ne, kuma gardamar da ke biyo bayan kamun wani ɓangare ne na nishaɗin. Johan Huizinga, a littafinsa Homo Ludens (1938), ya lura cewa jama'a sun fi yi wa mai coge sassauci a kan mai ɓata wasa, domin mai coge ya yarda akwai doka, satar hanya kawai yake yi, shi kuwa mai ɓata wasa rushe da'irar yake yi gaba ɗaya. Mai cogen ludo ya dace da wannan bayani sarai. Jagora mai murɗiya kuwa bai dace ba, domin shi ne alƙalin, kuma babu ɗan kallon da ke bayansa. Cogen da babu yadda za a yi a kama shi ba irin wanda Huizinga ya yi wa uzuri ba ne.

Akwai wani abu kuma da ludon Gana yake koyarwa. Dokokinsa sun bambanta da na littafin Turawa. A wurare da yawa an yarda mutum ya koma da baya don ya buge ɗan abokin hamayya, ko ya buge shi ta gefe, abin da ke sa wasan ya fi zafi ya kuma fi tsawo. Saboda dokokin suna sauyawa daga wannan dandali zuwa wancan, akan daidaita a kan wanda za a bi kafin a fara. Ke nan 'yan ludo ba masu bautar doka ba ne. Sun san ana lanƙwasa ta don a ƙara daɗin wasa, amma a gaban kowa, kuma kafin a kaɗa kofi.

4.0 Da'awar Cewa Jagora Mai Tatsuniya Ne

A nan ne hujjar masu murɗiya take da ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa ludo gasa ce, kowa yana neman kayar da ɗan'uwansa, amma a wasan kwaikwayon tebur jagora ba abokin hamayya ba ne. Burinsa kowa ya tashi da labari mai daɗi. Roger Caillois (1958) ya kasa wasanni gida huɗu: na gasa, na sa'a, na kwaikwayo, da na juwa. Bisa wannan rabo, ludo ya haɗa gasa da sa'a, wasan tebur kuwa ya haɗa kwaikwayo da sa'a, kuma idan su biyun suka yi karo, in ji masu wannan ra'ayi, kwaikwayo ya kamata ya rinjaya. Me zai sa a bar ɗan ƙaramin roba mai lambobi ya kashe jarumi a hannun wani ƙaramin ɓarawo tun labari bai yi nisa ba? Wace tsohuwa ce za ta bar Gizo ya mutu a tsakiyar tatsuniya?

Gaskiya ne mai tatsuniya yana sauya labari. Tatsuniyoyin da Malam Shaihu ya rubuta wa R. S. Rattray a ƙasar da ake kira Gana a yau, waɗanda aka buga a 1913, idan aka gwama su da na Frank Edgar da aka tattara a Arewacin Nijeriya a daidai wannan zamani, za a tarar da taurari iri ɗaya da jigogi masu kama da juna cikin tufafi daban-daban. Sa'idu Babura Ahmad (1997) ya yi wa wannan batu littafi guda, inda ya nuna cewa a tatsuniyar Hausa akwai abin da yake tsayayye akwai kuma abin da mai bayarwa yake da ikon sarrafawa, har ya kira shi mai fassara labarin. Tsohuwa takan tsawaita inda yara suke dariya, ta gajarta inda suka fara gyangyaɗi, ta sassauta wa dodo idan ƙaramin cikinsu ya tsorata.

Sai dai akwai sharuɗɗa biyu da suke tare da wannan 'yanci, kuma masu kwatancen sukan tsallake su.

Na farko, tatsuniya tana shelanta kanta. Tana da mabuɗi da masu sauraro suke amsawa, wanda ke nuna an fita daga duniyar yau da kullum. A marufinta kuma mai bayarwa yakan amsa da bakinsa cewa ƙarya ya shara, ya jingina abin ga Gizo. Maƙwabtan Hausawa a Gana, wato Akan, su ma sukan buɗe labaran Ananse da furucin da ke nuna ba da gaske ake ba. Mai tatsuniya bai taɓa cewa wani abu a wajensa ne ya yanke hukunci ba. Bai ce ya jefa ƙuri'a ta nuna kura za ta faɗa rijiya ba. Kowa ya san daga bakinsa abin yake fitowa. Jagora mai murɗiya kuwa yana kaɗa dayis a bayan shamaki don a ji ƙararsa, ya ɗan yi shiru, sannan ya ce dodo ya kuskure. Ƙarar nan da shirun nan suna cewa: ba ni na yanke ba, sa'a ce. Ya ari kwarjinin ƙuri'a ya lulluɓe hukuncin kansa da shi.

Fine ya bambanta matakai uku da mai wasan yake tsaye a kansu lokaci guda: shi mutum ne a zaune a ɗaki, shi ɗan wasa ne mai bin dokoki, shi ne kuma tauraron da ke cikin labari. Wannan rabo yana warware ruɗanin. Idan jagora ya yi magana da bakin wani mayaudarin ɗan kasuwa ya yi wa jarumi ƙarya a kan farashin doki, tauraro ya yi wa ƙarya, kuma wannan adabi ne. Idan kuwa dayis ya nuna 19 ya ce 4 ce, mutumin da ke zaune a gabansa ya yi wa ƙarya. Kiran duka biyun da suna ɗaya, wai ba da labari, shi ne tushen kuskuren.

Sharaɗi na biyu shi ne masu sauraron tatsuniya suna da bakin magana. Yaran da suka ji labari sau goma sukan tsayar da mai bayarwa su ce ba haka yake ba, ta tsallake wurin da Ƙoƙi ta yi kaza. Dole ta koma ta gyara ko ta kare sauyin da ta yi. A al'adar Akan ma masu sauraro sukan katse labari da waƙa ko da tambaya, tsarin da Efua Sutherland ta ɗauko ta gina wasanta The Marriage of Anansewa (1975) a kansa. Wato ikon mai labari yana da linzami a hannun jama'a, kamar yadda mai kaɗa kofin ludo yake da 'yan kallo a kansa. A wasan tebur, dayis shi ne wannan linzami. Shi ne abu guda da ke iya ce wa jagora a'a. Idan ya murɗe shi a ɓoye, ya cire linzamin ne alhali 'yan wasa suna tsammanin yana nan.

4.1 Misalin Aku

Adabin Hausa na zamani yana da misalin mai ba da labari da ke juya mai sauraronsa a ɓoye don amfanin mai sauraron. A littafi na farko na Magana Jari Ce (1937) na Abubakar Imam, aku yana ba Musa labari bayan labari don ya hana shi fita daga fada zuwa inda makircin waziri yake jiransa. Musa yana ganin hira ake yi, alhali tsare shi ake yi. Wannan shi ne hoton da jagora mai murɗiya yake so a gan shi a ciki: mai hikimar da ya ga haɗarin da yaro bai gani ba.

To amma dabarar aku ta samu daraja ne saboda daga ƙarshe ta fito fili. Sarki ya dawo, an gane abin da ya faru, aku ya samu ɗaukaka. Da Musa ya san gaskiya, abin da ya faru bai rage ƙima a idonsa ba, ƙaruwa ma ya yi. A gwada wannan ma'auni a kan murɗiya. A ɗauka 'yar wasa ta kayar da dodo da saura numfashi ɗaya a jikin tauraruwarta, ta yi shekara tana ba da labarin wannan dare. Sai jagora ya gaya mata cewa a gaskiya dodon ya same ta sau biyu, shi ne ya ce ya kuskure. Me ya rage mata? Jagororin da suke murɗiya da kansu sukan ba juna shawara cewa kada a taɓa bari 'yan wasa su sani. Alherin da ba zai iya jure a san da shi ba, akwai alamar tambaya a kansa.

5.0 Mudu da Gyara

Kasuwa ta fi kowane littafi bayyana wannan matsala. A Makola da kasuwar Nima ana auna gari da masara da wake da wani gwangwani da ake kira olonka, wanda yake matsayin mudu ko tiya a ƙasar Hausa. Bayan an cika awo, mai sayarwa takan ɗebi ɗan ƙari da hannu ta zuba wa mai saye. Wannan shi ne gyara, kalmar da ta shiga Turancin kasuwa na Nijeriya a matsayin jara. Akwai kuma akasin haka, wato a bubbuge gindin gwangwani ya shige ciki don ya ci ƙasa da yadda ido yake gani, abin da Bahaushe ke kira tauye mudu.

Mai goyon bayan murɗiya zai ce abin da yake yi gyara ne, tun da ƙari yake yi wa 'yan wasa, ba ragi ba. Amma gyara tana da siffa guda da ba ta rabuwa da ita: bayan awo ake yin ta, a kan idon mai saye. Mudu ya faɗi gaskiyarsa tukuna, sannan hannu ya ƙara. Shi ya sa take ƙulla zumunci tsakanin mai kaya da abokin cinikinta, har gobe ya dawo. Mai murɗiya kuwa mudun kansa yake taɓawa. Ko da faɗaɗa shi ya yi maimakon tauyewa, ranar da mai saye ya gane cewa gwangwanin nan yana sauya girma gwargwadon ra'ayin mai shi, daga ranar ba zai ƙara yarda da awonsa ba, na jiya da na gobe duka. Haka ɗan wasan da ya fara zargin jagoransa. Duk nasarar da ya samu sai ya tambayi kansa ko ba shi aka yi. Mafi muni kuma, ranar da tauraronsa ya mutu ba zai ce sa'a ce ta ƙi ba, zai ce jagora ya ceci wane a makon jiya, shi kuwa ya ƙyale shi. Mai murɗiya ya ɗauko wa kansa alhakin kowace mutuwa a teburinsa, har da waɗanda bai sa hannu a cikinsu ba.

Abin sha'awa shi ne masu tsara irin waɗannan wasanni sun bi ta hanyar gyara a shekarun baya-bayan nan. A bugu na biyar na Dungeons & Dragons (2014) akwai tukuicin da jagora yake ba ɗan wasa a fili, wanda zai iya kashewa don ya jefa dayis biyu ya ɗauki mafi girma. A wasan Apocalypse World (2010) jagora ba ya jefa dayis sam. 'Yan wasa ne suke jefa guda biyu masu fuska shida: 10 zuwa sama cikakkiyar nasara, 7 zuwa 9 nasara mai haɗe da asara, 6 zuwa ƙasa kuwa jagora ya faɗi abin da ya biyo baya, wanda ba lallai ya zama mutuwa ba. Tun a 1991 ma Erick Wujcik ya fitar da wasan Amber wanda babu dayis a cikinsa ko ɗaya, wato ya koma matsayin mai tatsuniya sak, kowa ya san hukunci daga bakin jagora yake. Hatta wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3 (2023) yana da tsarin da ke katse jerin munanan jifa, amma an rubuta shi a cikin zaɓuɓɓukan wasan, mai so ya bari, wanda ba ya so ya kashe. Duk waɗannan sun amsa kukan masu murɗiya cewa sa'a tsagwaronta takan ɓata labari, ba tare da sun taɓa gindin mudu ba.

Daga nan za a ga cewa yawancin lokutan da jagora yake jin dole ya murɗe, kuskuren ya riga ya faru tun kafin jifar. Shi ne ya sa rayuwar jarumi a kan jifa ɗaya a wurin da labari ba zai iya ɗaukar mutuwarsa ba. Mai tatsuniyar da ta ƙware ba ta kai Gizo bakin ramin da ba ta san yadda za ta fitar da shi ba. Idan akwai sakamakon da jagora ba zai karɓa ba, bai kamata ya miƙa tambayar ga dayis ba tun farko.

5.1 Kaka da Jika

Akwai yanayi guda da wannan hukunci yake yin rauni a cikinsa. A ɗauka wata kaka a Maamobi tana buga ludo da jikanta ɗan shekara biyar. Ya yi jifa takwas bai samu 6 ba, idonsa ya cika da hawaye. Dayis ya faɗa gefen allo, ta yi maza ta ɗauke ta ce 6 ce. Babu mai hankalin da zai kira wannan ha'inci. Haka jagoran da yake koya wa yara ko sababbin shiga wasa yakan ji cewa mutuwa a zama na farko za ta kore su har abada.

Sai dai uzurin kaka ya dogara ne a kan tazarar da ke tsakaninta da yaron, kuma tazarar mai ƙarewa ce. Nan da shekara biyu zai fara lura da hannunta, ya riƙe wuyan hannun ya ce: "Kaka, na gani, 2 ce." Daga ranar za ta daina, domin ya nuna ya kai matsayin abokin wasa, kuma in ya girma aka ba shi labari dariya zai yi. Jagoran da yake murɗe wa manya 'yan'uwansa dayis shekara da shekaru ya ajiye su ne a matsayin wannan yaro ɗan shekara biyar, ba tare da ya tambaye su ba, kuma shamakin da ke gabansa ya hana su damar riƙe masa hannu.